Kaftanin da Yayana Ya Raina

Ku matso, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ba ni aron kunne. Ga wata nan tafe gare ku. Ba tatsuniya ba ce, da idona na ga rabinta, ragowar kuma na ji ta daga bakin wanda aka yi a gabansa.

Wari ne ya tayar mini da ita. Shekaranjiya jikana ya jingine babur a ƙofar gida, ya shigo da leda yana wani taku, ya zazzage mini ita a kan tabarma. Tun kafin idona ya gani hancina ya gaya mini: gwanjo ne. Wannan wari ba ya tsufa. Warin magani ne da danshin dila da jikin mutanen da ba ka taɓa sani ba. Ya ɗaga wani wando, gwiwoyinsa duka biyu a yage, zare na reto. Na ce ya kawo allura in rufe masa. Ya yi dariya har da dafa bango, wai a yagen ya saye shi, haka ake yayi. Na dube shi, na dubi wandon. Na ce a raina, wannan ba daga waje ya ɗauko ba, a gidanmu ya gada, kuma na san wurin wa.

Garinmu yana bakin fadama ne, tsakanin Haɗeja da Auyo, inda ƙasa ba ta da tabbas. Rabin shekara gona ce, rabin shekara kogi. Ina yarinya, ban fara ɗaura zani a ƙirji ba, aka yi wata damina da ruwa bai tsaya a fadama ba, ya hau ya shigo mana har ɗaki. Katangu suka narke kamar an jiƙa fura. Muka koma kan tudu da tukwane da awaki. Da ruwa ya janye muka dawo, aka tono adakar tufafinmu daga cikin laka. Abin da ke ciki ya zama baƙi, ya ruɓe, in ka ɗaga zani sai ya rabu biyu a hannunka. Kowa a gidan ya rage da abin da ke jikinsa. Ba mu kaɗai ba, duk garin haka aka zama, babu mai yi wa wani dariya.

Kakarmu, uwar babanmu, ita ce mai allura a gidan. 'Yar ƙarama ce, baƙa, mai kaifin baki, allurarta kullum tana soke a gefen ɗankwalinta. Ba ta taɓa taka keken ɗinki ba, ba ta ma yarda da shi ba, ta ce abin da yake gudu haka ba ya duba inda yake sa ƙafa. Tana da ƙa'ida guda a kan gwanjo, kuma ba ta taɓa karya ta ba. Duk tufar da ta fito daga dila sai an farke ta gaba ɗaya, hannu daban, baya daban, wuya daban, har ta koma yadi kamar ba a taɓa ɗinka ta ba. Ta ce ba ka san wanda aka ɗinka wa ba, ba ka san don me aka ɗinka ba. Yadin dai na Allah ne, amma ɗinkin na wani ne, kuma ɗinkin wani ba zai hau jikin jikokinta ba.

Sai yayana. Ku bari in faɗa muku yadda yake, don ban ga dalilin rufa masa ba. Dogo ne, kyakkyawa, in ya hau gora ya shiga ruwa da koma babu saurayin da ke kama kifi kamarsa. Nan alherinsa ya tsaya. Kansa kamar tulun da aka manta a rana, duk wanda ya zo ya zuba abin da ya ga dama. Wanda ya yi masa magana a ƙarshe shi ne mai gaskiya. A shekarar nan ta ruwa yake neman wata yarinya a ƙetaren kogi, kuma yarinyar tana son sa, har ta karɓi toshinsa. Aka ce bayan yankan shinkafa zai je ya gaida mahaifinta a zaure, a gan shi, a ji bakinsa. Daga wannan gaisuwa ake sanin ko za a ba shi ko ba za a ba shi ba. Shi kuwa ba shi da komai sai gajeren wandon su, wato na kamun kifi, wanda laka ta rine, da wata 'yar shara da kafaɗarta ta fita.

Kaka ta ɗauki kwandon bandar kifi ta bi mutane zuwa kasuwar Haɗeja. Da yamma ta dawo da ƙunshi a ka. Ta kira ni ɗakinta ta kwance. Riguna biyu ne na matan Turawa, farare, masu faɗin gindi kamar laima, yadinsu mai santsi da nauyi a hannu. Ta miƙo mini reza.

"Zare za ki yanka, ba yadi ba. In kika huda mini shi, kunnenki zan huda."

Haka muka zauna a inuwar rumbu, rana bayan rana, ina bin ɗinkin Turawa ina tsinka shi ɗaya-ɗaya, ita tana tsince guntayen zaren tana tarawa a gefe. Da rigunan suka koma falle-falle ta jiƙa su a ruwan toka, ta wanke da sabulun salo, muka kai bakin kogi muka shanya a kan ciyawa har warin dila ya fita. Inda hammata ta ci ta yanke ta jefar. Inda rana ta dusashe ta juya shi ciki. Ba ta auna yayana da igiya ba, kallonsa kawai ta yi yana wucewa da koma a kafaɗa, ta shimfiɗa yadin a tabarma ta bi shi da taƙi, ta sa almakashi. Ta haɗa fallayen yadda kowace mahaɗa ta faɗa a gefe, ƙarƙashin hannu, inda ido ba ya zuwa. Ɗinkinta ƙanana ne, a jere kamar ƙwayar gero. Ta yi kaftani har ƙasan gwiwa, ta fitar da wando daga ragowar, ta zagaye wuya da zaren da ta tsefe daga jikin yadin kansa. Sannan ta sa masa bula kaɗan, ta ninke, ta ɗora a kan turmi da aka kifa ta yi ta bugu da taɓarya har ya ɗauki ƙyalli. Na rantse muku, ko ɗan hakimi ya sa wannan kaftani ba zai ji kunya ba.

Ta kira yayana. Kun san wasan kaka da jika.

"Zo nan, maigidan, ka ga abin da uwargida ta yi maka don ka je ka nemo wata. Ka ga irin haƙurina?"

Ya sa, ya juya, ya shafa ƙirji, bakinsa har kunne. "Tsohuwa, ashe kina da amfani. To na fasa sakinki."

"Sake ni mana, in ga mai wanke maka wannan ƙafa mai kaushi."

Da a nan aka tsaya, da yau wani labari nake ba ku.

Akwai matar baffanmu. Ta taɓa zama a Kano, ba ta daɗe ba, amma ta dawo da Kano a bakinta, ba ta sauke ba har ta mutu. In an dama kunu sai ta ce a Kano ba haka ake damawa ba. In an yi atishawa, a Kano ba haka ake yi ba. Ko allura ba ta iya zura wa zare ba, amma ita ce mai sanin sutura. Ta ga rigunan nan lokacin da muke farke su a inuwar rumbu, ta adana abin a ranta. Sai da ya rage kwana kaɗan a tafi ta tare yayana a bakin rijiya, ina tsaye da tuluna.

"Ɗana, da gaske rigar mata za ka sa ka je gaban surukai? Ai da idona na gani, har da wurin nono. In aka gane, ina za ka sa fuskarka?"

Ta ja shi ɗakinta ta buɗe masa kwalla. Ita ma ta je kasuwa, ita ma gwanjon ta saya, amma ita a ganinta ta fi ƙarfin farkewa. Ta fito da wata riga doguwa, ja, mai ratsin ruwan ƙwai, mai kauri da gashi-gashi kamar bayan ɗan rago. Wuyanta faffaɗa a naɗe, gabanta a buɗe, babu maɓalli ko ɗaya sai igiya a ƙugu. A kan aljihun ƙirji an yi wani zane da zare mai ruwan zinariya. Ta ce alkyabbar manyan Turawa ce, alƙalansu ke sawa, ta ga irinta a Kano. Mu a lokacin ko tawul ba mu sani ba, da gefen zani muke goge jiki. Wa zai ƙaryata ta?

Ya fito tsakar gida a cikinta yana taku kamar zakara. Kaka ta tashi, ta kama gefen rigar, ta murza a tsakanin yatsunta, ta kai hanci, sannan ta dubi matar baffa.

"Wannan yadi ruwa yake sha. Ban san don me aka yi shi ba, ke ma ba ki sani ba. Kawo in farke, zai yi abin lulluɓe jarirai."

Matar baffa ta taɓe baki. "Iya, ba komai ake farkewa ba. Wani abin an gama shi tun daga can."

Yayana ya shiga ɗaki ya ɗauko kaftanin da wandon, ya ajiye su a ƙofar kaka, a ƙasa, ko a hannu bai ba ta ba. Ya ce shi namiji ne, ba zai sa kayan mata ba. Kaka ta sunkuya ta ɗauka, ta kaɗe ƙasar, ta ninke. Ta shige da su ɗaki. Wannan ne karo na farko da na ga ya yi magana ba ta mayar masa da wasa ba. Babanmu yana can wajen Guri wurin kamun kifi, babu mai tsawata wa yayana.

Ranar tafiya da hantsi suka shiga jirgi, shi da abokinsa mai fito, wanda ke ƙetarar da mutane. Daga bakin wannan aboki na ji sauran, kuma shi mutum ne da ba ya ƙara gishiri.

Ruwa ya ja baya a lokacin, jirgi ba ya kai wa gaɓa, sai an sauka an taka. Yayana ya sauka, gindin rigar ya shiga ruwa. Yadin kuwa ya yi abin da aka yi shi dominsa, ya sha, ya ƙoshi, ya yi ta ja sama har cinya. Ya shiga garin mutane rigar tana manne masa a ƙafa, tana ɗiga, tana barin layi a bayansa. Yara suka biyo su. Shi a zatonsa kwarjini ne.

A zaure dattawa suna zaune, mahaifin yarinyar a tsakiya. Abin da ba wanda ya tuna a gidanmu shi ne, wannan tsoho a ƙuruciyarsa ya yi aikin kuku a gidan wani Bature mai sayen gyaɗa, can wajen tashar jirgin ƙasa. Shi ke dafa masa abinci, shi ke ɗora masa ruwan wanka. Yayana ya cire takalmi, ya durƙusa zai kwashi gaisuwa. Nauyin ruwa ya ja rigar, igiyar ƙugu ta zame, gaba ya buɗe. Ga gajeren wandon su, ga gwiwoyi duk tabon ƙayar kifi. Ya kama da hannu ɗaya yana gaisuwa da ɗaya.

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, a hankali, cikin ladabi kamar yana yi wa babban mutum magana:

"Sannu da fitowa, ranka ya daɗe. Ruwan ya yi zafi daidai, ko a ƙara?"

Ba wanda ya gane. Sai ya juya ga dattawa ya bayyana musu. Ya ce wannan ita ce rigar da Bature ke sawa in ya fito daga wanka, daga bayi zuwa ɗakin kwana, don ta tsotse masa ruwan jiki. Ko mai gadi ba ya yarda ya gan shi a cikinta. Ya ce shi ya sha wanke irinta, ya sha shanya ta a bayan kicin. Sannan ya ɗaga murya ya yi kira cikin gida:

"A kawo soso da sabulu, baƙonmu bai gama ba!"

Abokin ya ce wani dattijo dariya ta sa shi tari har sai da aka ba shi ruwa. Yaran da ke leƙe a ƙofa suka kwasa da gudu, kafin a idar da gaisuwa labari ya gama gari. Abokin ne ya tuɓe tasa 'yar sharar a bayan zaure ya ba shi, shi kuma ya tuƙo jirgi gida babu riga a jikinsa.

Da la'asar yayana ya shigo da jar rigar a dunƙule a hammata, har yanzu tana ɗiga. Ya wuce kai tsaye ƙofar kaka ya tsuguna.

"Tsohuwa, ba ni kaftanin nan. Gobe zan koma."

"Wane kaftani?"

"Wanda kika ɗinka mini."

"Na mata ne. Har da wurin nono. Kai kuwa namiji ne, da bakinka ka faɗa."

Ya yi magiya, ya kira ta uwargida, ya kira ta amarya, duk sunayen wasan ya jero. Ba ta ɗaga kai daga tsintar shinkafar da take yi ba. Da abokin ya shigo karɓar rigarsa, ta dube shi tsaye babu riga, sanyin ruwa ya sa jikinsa ya yi fari. Ta shiga ɗaki ta fito da kaftanin da wandon ta ɗora masa a hannu.

"Kai da ka san a rufa wa mutum asiri, riƙe. Hannun zai yi maka tsawo, ka kawo in rage."

Ko da ta ba yayana, da bai yi amfani ba. 'Yan matan ƙetare sun riga sun sa shi a waƙar dandali, suna tafi suna tambayar ko ruwa ya yi zafi. Yarinyar ta jure abin da za ta iya, sannan ta aiko ƙanwarta da toshinsa a ƙulle cikin ɗankwali. Mahaifinta bai ce ya hana ba. Ita ce ta ce ba za ta iya zama matar mutumin da ko'ina ta bi sai an miƙo mata soso ba.

Yanzu ina zaune ina kallon zamani. Dila tana zuwa mota-mota, an kasa ta a kowane lungu na kasuwa, ana ɗaga riga ana kiran mai saye. Mutum ya saya ya zura a nan tsaye, ko wankewa ba ya yi. Za ka ga ƙato da rubutu a ƙirji, bai san ko zaginsa ake yi ba. Za ka ga mai gemu cikin rigar barcin wata tsohuwa yana tuƙa babur zuwa Kaugama. Ba mai dariya, don masu dariyar su ma abin da suka sa ke nan. Maɓalli ya faɗi, an jefar da riga. A da mutum ɗaya ya yi wannan wauta gari biyu suka yi shekara suna labari. Yau ta zama ado.

Kaka ta farke jar rigar kamar yadda ta ce tun farko. Ta fitar da mayafan jarirai daga cikinta, kuma duk ɗan da aka haifa a gidanmu bayan nan a ciki aka naɗe shi ranar wankan farko. Ta rayu har ta ga aurena, ta bar mini allurarta da almakashinta, amma ba ta ƙara ɗinka wa yayana ko aljihu ba har ta koma ga Allah. Allah ya ji ƙanta.

Matar baffa ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba. Ta ce mutanen ƙetare ƙauyawa ne, da a Kano ne da an tashi tsaye an ba shi wuri. A kan haka ta tsufa, a kan haka aka binne ta.

Abokin, da shinkafa ta sake nuna, ya shiga wancan zaure sanye da farin kaftani. Tsohon ya kama gefen hannun ya murza, ya dube shi, ya yi murmushi. Ko ya gane yadin ko bai gane ba, bai faɗa ba. Cewa ya yi, wanda ya yi wannan ɗinki ya san abin da yake yi. Aka ba shi yarinyar. Sun haifi 'ya'ya da yawa, jikokinsu ne ke fito a mashigin har yau, sai dai yanzu jirgin da inji.

Yayana ya yi aure daga baya, can nesa, inda waƙar ba ta kai ba. Yana nan da rai a cikin Haɗeja, ya rankwafa, 'ya'yansa suna ɗinka masa shadda a wurin tela duk Salla. In an miƙa masa sabuwar riga sai ya juya ta ciki da bai, ya shinshina, ya ce, "Wannan a ina ake sa ta?" Tambayar da ya kamata ya yi yana da haƙora talatin da biyu, sai da suka zube ya koye ta.